Tambaya da Amsa: Gado ne ko reno ke sa yaro saurin firgita?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban, da an ɗaga murya ko an haɗe masa rai, sai jikinsa ya hau ɓari, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Ƙaramar kuwa ko a jikinta. Surukata ta ce halin dangin ubansa ya ɗebo. Ni kuma zuciyata na cewa laifina ne, don na yi doguwar jinya bayan haihuwarsa. Wanne ne gaskiya? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kike gani a jikin yaron aikin ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyi. Da zarar ya ga an haɗe fuska, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, zuciya ta ƙara gudu, gumi ya keto, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a kan ƙoda su saki kotizol, sinadarin da ke shirya jiki don fuskantar tsoro, cikin jini. Akwai kuma doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya, ita ce birkin da ke mayar da bugun daidai idan tsoron ya wuce. Yara sun bambanta a saurin tashin hankali, sun kuma bambanta a ƙarfin wannan birki.

Surukarki ba ta yi ƙarya ba. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gano cewa kusan jariri 1 cikin 5 yana nuna saurin razana da baƙon abu tun yana wata 4. Sai dai ba ƙwayar gado guda ce ke ɗauke da wannan hali ba, ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan kasonta. An yi ta bincike kan ƙwayar da ke gina maɓallin karɓar oksitosin, sinadarin shaƙuwa, amma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Don haka duk wanda ya ce zai gwada jinin yaro ya faɗa miki halinsa, kada ki ba shi kuɗinki.

Reno kuma yana taɓa yadda gadon ke aiki. A 2004 ayarin Michael Meaney na Jami'ar McGill a Kanada suka nuna cewa 'ya'yan ɓera da uwarsu ke yawan lasarsu a makon farko suna tashi da jiki mai saurin kwantawa bayan tsoro. Da aka musanya 'ya'yan, sai suka bi halin uwar da ta rene su. Ƙwayar gadon ba ta sauya ba, yawan aikinta ne ya sauya. A mutane, binciken da aka fara a 2000 kan yara 136 na gidajen marayu a Bukares ta Romaniya ya nuna cewa waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu kafin su cika wata 24, da suka kai shekara 12 kotizol ɗinsu yana amsawa kusan yadda na sauran yara ke yi. Na waɗanda suka daɗe a can kuwa ya dushe.

Amma ki lura, waɗancan yara ne da ba su da mai ɗaukarsu takamaimai. Idan lokacin jinyarki kakarsa ko gwaggonsa ta riƙe shi, tana goya shi tana amsa kukansa, ya samu abin da jikinsa ke nema. Jariri yana iya shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya. Ki daina ɗora wa kanki laifi. A rage masa tsawa, a riƙa gaya masa abu kafin ya faru, kada kuma a kira shi matsoraci gaban ƙanwarsa. Idan tsoron ya hana shi makaranta ko barci, a kai shi wajen likitan yara.

Tambaya: Matata ta haihu wata 2 ke nan. Ana ce mata ta bar jaririn ya yi ta kuka, kada ya saba da hannu. Haka ne? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Jaririn wata 2 bai iya lallashin kansa ba, jikin mai ɗaukarsa ne ke saukar masa da bugun zuciya. Ayarin Kumi Kuroda a Japan sun auna wannan: ɗaukar jariri ana tafiya da shi yana rage kuka da bugun zuciya cikin ɗan lokaci, fiye da riƙe shi a zaune. Ga yadda za a yi. A fara duba yunwa, jiƙewa da zafin jiki. A rungume shi a ƙirji, a tallafe kansa, a yi ta zagayawa a natse minti 5 ba tsayawa. Idan ya yi barci, a zauna da shi minti 5 zuwa 8 kafin a kwantar da shi a rigingine. Sau da yawa farkawar da ake kuka da ita daga gaggawar ajiyewa take, tun barci bai yi nauyi ba. Kai ma ka riƙa yi, hannun uba yana aiki.

Komai tsananin kukan, kada a jijjiga shi da ƙarfi, don wuyansa bai yi ƙwari ba, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwa. Ka kuma sa ido a kan maijegon. Idan ta wuce mako 2 tana cikin ƙunci, ba ta iya yi wa jaririn fara'a, cuta ce mai magani, a kai ta asibiti. Jariri yana karanta fuska tun da wuri, fuskar da ta daskare kullum tana tayar masa da hankali.

Tambaya: Za mu yaye ɗanmu, ana so a kai shi ƙauye wajen kakarsa da bai sani ba sosai. Ya dace? Daga Zariya.

Amsa: Raba shi da nono da uwa rana guda nauyi biyu ne a kansa. A riƙa janye shayarwa ɗaya duk bayan kwana 3 zuwa 4, ta dare ta zama ta ƙarshe. Idan dole ne ya tafi, kakar ta fara zuwa ta yi kamar mako 2 tana ba shi abinci tana goya shi, sannan su tafi tare da zanen goyon da ya saba da shi.