Tambaya da Amsa: Yaya allurar kashe ƙwayoyin cuta za ta taɓa kunnen yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar halittu, daga Daura. Ɗan yayata mai shekara 2 ya yi zazzaɓi da gudawa, aka kai shi kemis ɗin unguwa, mai shagon ya yi ta yi masa allurar janta (jantamaisin) safe da yamma kusan mako guda. Zazzaɓin ya sauka, amma yanzu ko an kira sunansa ba ya waiwayowa, 'yan kalmomin da ya fara ma ya daina. Mai kemis ya ce ba allurarsa ba ce, wai ƙwayoyin cuta kaɗai take kashewa. Mu ma abin da aka koya mana ke nan, cewa raibosom ɗinmu, wato injin da ke haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, daban yake da na bakteriya. A gida cewa ake iska ce. Amma kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, shi ma ya kurmance bayan allurar tarin fuka. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba yaron lafiya, ya ba yayarki haƙuri. Kafin komai, kada a sake yi masa wannan allurar, kuma a kai shi asibiti cikin makon nan. Ba zan yanke hukunci ban ga yaro ba, don sanƙarau da ƙyanda da hangum duk suna kurmantarwa, kuma su ma da zazzaɓi suke farawa. Amma labarin kawunki ya sa na fi zargin allurar.

Abin da aka koya miki gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Raibosom ɗin da ke cikin ruwan ƙwayar halittarmu 80S ne, na bakteriya 70S (lambobin nan awon girmansu ne), kuma jantamaisin ɓangaren 30S na bakteriya take kamawa ta sa shi ya dinga haɗa furotin bisa kuskure. Abin da ake tsallakewa a aji shi ne muna da wani raibosom ɗin na biyu a cikin maitokondiriya (sashen ƙwayar halitta da ke samar da kuzari), mai awon 55S, wanda ya fi kusa da na bakteriya. Maitokondiriya tana da fata biyu, tana da nata DNA mai zagaye, haruffa 16,569, wanda aka gama karantawa a Kambirij a 1981. Ƙwayoyin gado 37 ne a cikinsa, 13 na furotin ɗin samar da kuzari, sauran na aikin haɗa su. Bayanin da masana suka karɓa, wanda Lynn Margulis ta kare a 1967, shi ne asalinta bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwayar halittar. Kamar baƙon da ya daɗe har ya zama ɗan gida ne, amma kamannin danginsa na nan a fuskarsa, don haka mai neman dangin nasa da sharri yana iya kai masa duka.

A can cikin kunne, a gaɓar nan mai siffar katantanwa, akwai ƙwayoyin halitta masu gashi wajen 15,000 a kowane kunne. Suna cin kuzari sosai, maganin yana shiga cikinsu ya daɗe bai fita ba, kuma idan suka mutu ba sa sake fitowa. Shi ya sa jin yaro kan ci gaba da raguwa ko bayan an daina allurar. A 1993 aka gano cewa sauyin harafi ɗaya tak, a gurbi na 1555 na DNA ɗin maitokondiriya, yana sa raibosom ɗin ya ƙara kama da na bakteriya. Mai wannan sauyin, ko allura ɗaya daidai ƙa'ida tana iya raba shi da jinsa. Kuma maitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta. Kakarku ta ba kawunki da mahaifiyarki, mahaifiyarki ta ba ki da yayarki, yayarki ta ba ɗanta. Sitiraftomaisin da aka daɗe ana yi wa masu tarin fuka kuwa dangin janta ce. Idan sauyin nan ne a danginku, ke ma abin ya shafe ki, da 'ya'yan da za ki haifa.

Yanzu bari in zo kan maganar mai kemis, don ita ce ke ci mini rai kullum. Wai ƙwayoyin cuta kaɗai take kashewa. Da wannan maganar ake lalata kunnuwa da ƙodar yaran mutane daga Katsina har ƙauyukan bakin iyaka. Mutumin da bai ɗora yaro a sikeli ba, bai san ana lissafa janta da nauyin jiki ba, bai san ƙoda ce kaɗai ke fitar da ita ba, shi ne zai fasa kwalba ya zuƙa da ido ya soka wa yaron da gudawa ta riga ta tsotse. Yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, ƙodarsa ba ta tace jini yadda ya kamata, sai maganin ya taru. A cikin ƙodar kuma laisosom, wata 'yar jaka a cikin ƙwayar halitta, shi ne ke haɗiye shi, ya cika ya kumbura har ya fashe, ƙwayar halittar ta mutu. Ita ƙoda takan farfaɗo idan an tsaya da wuri. Kunne ba ya farfaɗowa.

Abin da ya fi ban takaici, sau da yawa ba a ma buƙatar allurar. Yawancin gudawar yara bairos ne ke kawo ta, shi kuwa bairos ba shi da raibosom ko ɗaya, namu yake ara. Me janta za ta kama a jikinsa? Zazzaɓin cizon sauro ma ba ta yi masa komai. Ruwan gishiri da sukari (ORS) da ƙwayar zinc, da gwajin maleriya, su yaron yake buƙata. Amma mun sa wa ranmu cewa magani in ba allura ba ne bai kai ba, har uwa ta ji an raina ta idan aka ba ta ORS. Masu kemis sun san haka, kuma allura ta fi kawo kuɗi. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke ba masu irin waɗannan shaguna bai ba su damar yin allura ba, kowa ya sani, amma a bayan labule ake yi, rana tsaka. Haka ake yi da kuloramfenikol, wanda ake sha kamar gyaɗa da sunan taifot, alhali shi ma yana tsayar da raibosom ɗin maitokondiriya a cikin ɓargo har jini ya ragu. Duk wanda ya soka wa ɗan wani abin da bai san aikinsa ba, ya sani amana ya ci, kuma za a tambaye shi. Mu iyaye ma da muke matsa wa a yi allura muna da namu kason.

Kada ki ɗauka ina cewa janta guba ce. A asibiti tana ceton jariran da cuta ta shiga jininsu, kuma idan rai na cikin haɗari likita zai auna ya zaɓa. Abin da nake so shi ne duk wanda ya fito ta tsatson kakarku ta wajen mata, ya gaya wa likita tarihin nan kafin a rubuta masa janta ko amikasin ko sitiraftomaisin, don a nemi madadinsu. Ki rubuta shi a katin asibitin kowane yaro.

Maganar iska kuma, a yi addu'a, amma kada a zauna jira, kada kuma a ɗiga masa mai ko ruwan wani ganye a kunne. Ku fara da asibitin gwamnati da ke Daura a duba ƙodarsa, ku nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan ana buƙatar ƙarin gwaji, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Akwai gwajin na'ura da ake yi yaro yana barci, ba sai ya amsa ba. Shekarun nan ne yake koyon magana, don haka idan da sauran ji, a sa masa na'urar ji da wuri, in kuma babu, gidan gaba ɗaya ku fara koyon maganar hannu tare da shi. Ku tafi da fankon kwalaben allurar idan suna nan, da kwanakin da aka yi ta.