Amsa ga mai tambayar bakin teku a Cape Town

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ji saƙonki, wai kwana ɗaya tak ya rage muku a Cape Town, wane bakin teku ya fi kyau ku je ke da maigidanki da yara. To ni dai abin da na fahimta, ba kyau kike tambaya ba, tambayarki ita ce ina yaran nan za su shiga ruwa su fito lafiya ba tare da kuka ba. Don in kyau ne, ai duk suna da kyau, ki rufe ido ki zaɓa.

Kuma tun kafin wani ya shigo ya ce Camps Bay, don na ga an fara turo hotuna, ku saurare ni tukuna. Garin nan gaɓa biyu gare shi. Akwai ɓangaren Atlantika, can ne Camps Bay da Clifton da Llandudno suke. Akwai kuma ɓangaren False Bay, wato Muizenberg, St James, Fish Hoek, har Simon's Town. Ruwan Atlantika ƙanƙara ne wallahi. A tsakiyar lokacin zafinsu, Disamba zuwa Fabrairu, rana na dukan ki a ka, amma ruwan yana wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka. Ki sa ƙafa minti biyu, ƙashin idon sawunki zai fara ciwo. Dalili kuwa iskar nan ta kudu maso gabas, wadda suke kira Cape Doctor, ita ke kore ruwan sama mai ɗumi zuwa tsakiyar teku, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Shi ya sa ruwan can ya fi sanyi a lokacin zafi fiye da lokacin hunturu, abin kamar almara. False Bay kuwa yakan kai wajen digiri 20. Wannan shi ne ruwan da yaro zai zauna a ciki.

Camps Bay ɗin nan ina da ciwonsa a rai. Wani abokin aiki ne ya dage sai mun je can, wai shi ya san gari. Na ce masa malam, dubi dutsen Table Mountain, ka ga farin gajimaren nan da ya kwanta a kansa yana zubowa? Iska ce ke zuwa. Ya ce ai shi ya gani a Instagram. To mun je. Iskar ta gangaro daga duwatsun Twelve Apostles, yashi na tsinkar mana ƙafafu, lemar wasu ta tashi tana birgima mutum na bin ta da gudu, abincin da muka buɗe kowace loma sai ƙaras ƙaras a haƙori. Shi kuma gogan yana tsaye yana ɗaukar hoto. Har yau in an yi maganar sai ya ce ai mun ji daɗi. Wa ya ji daɗi? Hoto ba ya nuna iska, abin da na kasa fahimtar da shi ke nan. Kuma fa wajen fakin kaɗai sai da muka yi ta zagaye... to bar wannan, kada in ɓata muku lokaci.

Ina nake? Yauwa. Ku tafi Boulders Beach da ke Simon's Town, kamar kilomita 40 daga tsakiyar gari. Manyan duwatsu ne suka kewaye wurin suka tare iska da igiyar ruwa, ruwan a kwance yake, ga tsuntsayen fengwin suna tafiyarsu ta rangaji suna wucewa ta gaban mutum. Tun 1982 suka fara zama a wurin. Ana biyan kuɗin shiga don yana ƙarƙashin gandun Table Mountain National Park, kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa. Ki lura ƙofa biyu ce: Foxy Beach ta kallo ce kawai, a kan gadar katako ake tafiya, ɗayar ce ake wanka. Ki ja wa yaran kunne kada su taɓa tsuntsayen, suna cizo, bakin nan kaifi gare shi. Sannan ki duba lokacin da ruwa ke janyewa, don in teku ta cika yashin wurin kaɗan yake saura, ku rasa inda za ku shimfiɗa tawul.

Muizenberg ma yana da kyau, can ne ɗakunan katakon nan masu launi-launi suke, ruwan ba ya zurfi da wuri, masu koyon hawan igiyar ruwa duk can suke zuwa. A'a tsaya, kada in ce miki babu iska a can. Akwai, in Cape Doctor ta tashi kai tsaye take bugun Muizenberg. Da sassafe ne ake morarsa. In kun ga ta fara, ku matsa gaba kaɗan zuwa St James, akwai wurin wanka da aka kewaye da katanga, teku ke cika shi da kanta. Jirgin ƙasa ma yana bin gaɓar nan.

Na san maigidanki zai kawo zancen kifin shak. Tun 2004 akwai masu gadi da ake kira Shark Spotters, suna zaune a kan dutse suna duban ruwa, suna sanar da mutane da tutoci. Koriyar tuta, suna gani sarai babu komai. Baƙa, ruwa ya yi duhu ba sa gani sosai. Ja, a yi hattara. Fara da jiniya, kowa ya fito. Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro ruwa mai jan mutum ne, wanda ke ɗaukarsa ya yi ciki da shi. Ku yi wanka tsakanin tutocin masu ceto, masu ja da ruwan ɗorawa, iyakarsa ke nan.

In kuma lallai sai kin yi hoton Atlantika, ku biya Clifton da yamma a hanyar dawowa. Bakin teku huɗu ne a wurin, na huɗun ya fi dacewa da iyali, dutse ya kare shi daga iska, kuma a Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8. Sai dai matattakala ce mai tsawo, in da tsohuwa a tafiyar ko keken jariri, ku haƙura. Bakin tekun Blouberg kuwa kada wanda ya ja ku, kallon dutsen Table Mountain ne da iska kawai.

Ku fita tun ƙarfe 8 na safe, ku riƙe man kare fata da rigar sanyi ko da kun ga rana. Bari in tsaya nan, ana kira na.