Sayen gida a Fuengirola: a Sifaniya bashi gidan yake bi

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Kano, nakan shiga Turai da bizar ziyara. Na ga wani gida mai ɗaki biyu a cikin bene a Fuengirola, bakin teku kusa da Malaga, a kan yuro 250,000. Mai gidan ɗan Ingila ne da ya koma ƙasarsu. Dillalin ya ce in tura yuro 6,000 a riƙe mini, in cika kashi 10 cikin mako biyu, kuma suna da lauyan da zai yi komai. Ya ce gidan zai ba ni takardar zama. In tura?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Dokar Sifaniya ba ta hana ɗan Najeriya mallakar gida ba, amma maganar takardar zama ba haka take ba. Tun 2013 akwai tsarin da wanda ya sayi kadara ta yuro 500,000 yake samun izinin zama, an kuma rufe shi ranar 3 ga Afrilu, 2025. Ko da yana nan, kuɗin gidanka rabin abin da ake nema ne. Da gida ko babu, bizar ziyara kwana 90 take ba ka a cikin kowane kwana 180. In zama kake so, akwai bizar wanda ba zai yi aiki a ƙasar ba, wadda ke neman shaidar kana da kimanin yuro 28,800 na shekara guda, da ƙari a kan kowane mutum na iyalinka, da inshorar lafiya. Neman ta daban, sayen gida daban.

Lauyan dillali kuwa, ka gode musu ka nemi naka. Dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa, lauyan da yake kawo wa aiki kuma ba zai so ya ɓata cinikin ba. Ɗauki wanda ke cikin rajistar ƙungiyar lauyoyin Malaga. Ladansa yakan kama kashi 1 na kuɗin gida. Shi zai nemo maka lambar shaidar baƙi, NIE, wadda baƙo ba ya sayen gida ko biyan haraji sai da ita. In ba za ka iya zama har a gama ba, ka rubuta masa takardar wakilci a gaban notario yayin da kake can, ko a ofishin jakadancin Sifaniya. Notario jami'in shaida ne: yana tabbatar da su wane suka sa hannu da yadda aka biya kuɗi, amma ba ya tsaya wa mai saye, ba kuma zai je ya duba maka ginin ba.

Abin da ya fi cin baƙi a can shi ne wasu basussuka manne suke da gidan, duk wanda ya saya ya gaje su. Takarda ta farko da lauyanka zai ciro ita ce nota simple daga ofishin rajistar kadarori, kuɗinta wajen yuro 10. Tana nuna sunan mai gidan na gaskiya, girmansa, da ko an jinginar da shi a banki ko kotu ta ɗora masa hannu. In akwai jingina, ba abin tashin hankali ba ne: ranar sa hannu a yanki kuɗin bankin daga farashin, a biya shi kai tsaye, a kuma riƙe kuɗin goge jinginar daga rajista. Mutane kan biya banki su manta da gogewar, sai ranar da suka tashi sayarwa ta taso musu.

Na biyu, kuɗin ƙungiyar masu bene. Kowane bene yana da ƙungiyar da ke karɓar kuɗin shara, lif, wurin ninkaya da gyare-gyare. Doka ta ce gidan ne ke ɗauke da bashin shekarar da ka saya da na shekara uku kafin ta. Saboda haka a kawo takardar shaida daga mai kula da ƙungiyar cewa ba a bin gidan komai, kada kuma ka yarda a ce ka yafe kawo ta don a yi sauri. Ka sa a karanta maka bayanan tarukansu na shekara biyu da suka wuce. A nan ake ganin ko sun riga sun yanke shawarar gyaran rufi ko fuskar bene, wanda iskar gishirin teku ke ci, kuma kason kowa zai faɗo a kan sabon mai gida. Haka harajin gida na ƙaramar hukuma, IBI: a nuna rasit na shekara huɗu.

Kasancewar mai sayarwa ba mazaunin Sifaniya ba ne ya ɗora maka nauyi biyu. Dole ka riƙe kashi 3 na farashin, wato yuro 7,500, ka kai wa hukumar haraji da fom 211 cikin wata ɗaya. In ka miƙa masa kuɗinsa cif ya tafi Ingila, gidanka za a bi. Akwai kuma plusvalía, harajin ƙaramar hukuma a kan tashin darajar fili. A ƙa'ida na mai sayarwa ne, amma in ba mazauni ba ne kai za a nema. A lissafa shi tun kafin ranar, a cire.

Sai lafiyar ginin a idon hukuma. A nemi lasisin fara zama a gidan, a kuma gwada abin da ke rajista da abin da ido ya gani. Baranda da aka rufe da gilashi aka mayar ɗaki ba da izini ba ta zama ruwan dare a wannan gaɓar. Marbella, garin da ba shi da nisa da Fuengirola, ta ga abin da ya fi haka: an rushe majalisar garin a 2006 saboda badaƙalar gine-gine, Kotun Ƙoli kuma ta soke tsarin garin na 2010 a shekarar 2015, dubban gidaje suka shiga rashin tabbas. In benen dab da ruwa yake, a duba shi da dokar gaɓar teku ta 1988, domin tana taƙaita gyara da ƙari a kusa da rairayi.

Yanzu ga kuɗin da dillali ke nema. Yuro 6,000 ɗin, in za ka bayar, a rubuta cewa za a dawo maka da shi in bincike ya gano matsala, ya kuma zauna a asusun lauya. Kashi 10 kafin alƙalami ne, arras. Ƙarƙashin sashe na 1454 na dokar farar hula, in ka fasa ka rasa yuro 25,000, in shi ya fasa ya biya ka 50,000. Sai dai a rubuta ƙarara cewa arras penitenciales ne, wato kafin alƙalamin da ke ba da damar fasawa. In ba a fayyace ba, kotu kan ɗauke shi somin biyan kuɗi kawai, ɗayanku na iya tilasta wa ɗayan cika ciniki. Biyan wannan kafin nota simple cinikin biri a sama ne.

Bayan farashi, ka tanadi kimanin kashi 10. A yankin Andalusiya harajin sayen tsohon gida kashi 7 ne, yuro 17,500 a naka, saura na notario, rajista da lauya. Tun 2022 ana lissafa harajin a kan farashi ko ƙimar da Catastro, ofishin gwamnati mai ƙiyasta darajar gidaje, ya sa wa gidan, duk wanda ya fi yawa, don haka rage farashi a takarda ba ya rage komai, laifi ne kuma. Banki zai tambayi asalin kuɗinka, da gaske yake: takardun kamfani, shaidar biyan haraji, bayanan asusu. Kuɗin ya fito daga asusu mai sunanka. Wanda ya bi ta hannun 'yan canji ya shigo da sunan wani yakan maƙale ana saura kwana kaɗan, wa'adin arras ya wuce, kafin alƙalamin ya tafi.

Ko ba ka sa kowa haya ba, duk shekara za ka cike fom 210 na haraji. Ana ɗaukar kashi 1.1 ko 2 na ƙimar gidan a Catastro a matsayin abin da ka samu, a cire kashi 24 ga wanda ba ya zaune a Tarayyar Turai. Ƙimar yuro 100,000 a kan 1.1 ta ba da yuro 264. In kana lissafin saka masu yawon buɗe ido, tun Afrilun 2025 sai kashi uku cikin biyar na masu benen sun amince.

Ranar sa hannu notario zai tambayi matsayin aurenka. A rubuta cewa dukiyarka da ta maiɗakinka a rabe suke, yadda auren Musulunci ya tanada. Ka kuma rubuta wasiyya a can game da wannan gidan, ka zaɓi dokar ƙasarka, wanda dokar gado ta Turai ta yarda da shi tun 2015. Amma hukumar rajistar Sifaniya ta taɓa ƙin rajistar rabon da ya ba ɗa namiji ninkin mace, ƙasar kuma ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba. Ka zaunar da lauyan da malamin da ka yarda da shi a kan wannan kafin a yanke sunan da za a sa a takardar gidan. Magada wata shida suke da shi su biya harajin gado.