Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi man kariyar rana a Makka

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da zuwa, Allah ya sa kin zo a sa'a. Kin ce tun da kika sauka Makka kumatunki da goshinki suka fara yin baƙi-baƙi, kin shiga saidaliyya, wato kantin magani, kin tarar da man kariyar rana kala-kala kin rasa na ɗauka, ga shi kuma an tsorata ki cewa wasu suna shiga jini. Na daɗe a Jidda, fatata ta sha wannan ranar, don haka ga abin da na sani.

Kada babbar lambar da ke gaban kwalba, wato SPF mai nuna ƙarfin kariyar man, ta ruɗe ki. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken UVB mai ƙona fata, SPF 50 kuma kusan kashi 98. Kin ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Mu masu duhun fata, tabo ne ya fi addabarmu, kuma hasken UVA ne ke ƙara masa duhu, har da hasken rana na yau da kullum da ido ke gani. Saboda haka ki duba ko an zana UVA a cikin da'ira, ko an rubuta PA da alamar + uku ko huɗu. Daga nan sai ki juya kwalbar, a bayanta maganar take.

Sinadaran iri biyu ne. Akwai na ma'adini, wato zinc oxide da titanium dioxide, haka za ki gan su a rubuce. Akwai kuma irin su oxybenzone, octinoxate, avobenzone da octocrylene. Maganar shiga jini tana da tushe: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gwaji a 2019 da 2020, ta ga wasu daga cikin rukuni na biyu, irin su oxybenzone, suna ratsa fata su kai jini. Amma ba ta ce suna jawo daji ba, ba ta kuma ce a daina shafawa ba, ƙarin bincike ta nema. Waɗanda ta gamsu da amincinsu a lokacin su ne biyun nan na ma'adini. Shi oxybenzone, Tarayyar Turai ta rage adadin da aka yarda a zuba, kuma yana cikin masu sa wasu ƙaiƙayi. Ni dai tunda ga zaɓi, na bar shi. Mai ciki, mai shayarwa, da mai fatar da ba ta son wargi, zinc oxide nake ba su shawara.

Matsalarsa ɗaya, kuma ita ke korar matanmu: yana barin fuska fari fat kamar an shafa toka. Maganinta ki nemi mai launi, wanda za ki ga iron oxides a jerin sinadaransa. Wannan launin ba ado kawai ba ne, shi ke tare hasken da ido ke gani, wanda na ce yana duhunta tabo. Ki ɗiga a gefen muƙamuƙi, ki fita ƙofar shago ki duba a madubin wayarki, don fitilar saidaliyya tana ɓoye farin.

Idan za ki ɗauki harami, ki karanta har ƙasa. In kin ga parfum ko fragrance, akwai turare a ciki, turare kuwa an hana mai harami. Ki ce wa mai saidaliyya "waƙi shams bidun itir", zai gane. Ki yi alwala tukuna sannan ki shafa.

Yawancinmu ɗan ɗigo muke shafawa, shi ya sa muke cewa ba ya aiki. Ki ja layi biyu a tsawon manuniya da 'yar tsakiya, wannan na fuska da wuya ne. Kada ki manta bayan hannu da saman ƙafa, su ne ke shan rana a harabar Harami. Ki sake bayan awa biyu, ko in gumi ya wanke shi. Kada ki bar kwalbar a mota, zafi na lalata ta, kuma ki duba ranar ƙarewar aikinta. Jaririn da bai kai wata shida ba, inuwa da sutura ne nasa.

Sai wata magana, don Allah kada ki ji haushina. In kina shafa man bilicin ko haɗin da ake sayarwa a roba ba suna, ki tsaya ki ga likitan fata. Da yawansu akwai hydroquinone ko sitiroyid mai ƙarfi, wasu har da sinadarin mercury. Na ga wata baiwar Allah da kumatunta suka yi siriri har jijiyoyi suna nunawa, rana kaɗan sai su yi ja, daga baya su koma baƙi wuluk. Babu man kariyar da zai rufe wannan ɓarnar muddin ana ci gaba da shafawa.

Kuma man nan ba ya hana zafin rana kayar da mutum. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutane sama da 1,300 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Ki riƙe lema, ki yawaita shan ruwa, ɗawafin nafila ki bar shi sai dare ko bayan Asuba. In tabon bai fara sauka ba bayan wata biyu zuwa uku kina kiyayewa, ki je wajen likitan fata, ki tafi da duk mayukan da kike shafawa ya gani. Allah ya ba ki lafiya.