Kun Tambaya: Layin Waya Tsakanin Kamaru, Chadi da Najeriya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kuseri, ina yawan ƙetara gadar Ngeli zuwa Njamena. Abin da ke damuna, ko ranar da ban ƙetara ba sai in ga katina ya ƙare ban san inda ya shiga ba. Me ke jawo haka, kuma layin wace ƙasa ya kamata in riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kogin Logon da na Shari ne kawai suka raba Kuseri da Njamena, rezo kuwa ba ruwansa da kogi. Ita waya an gina ta ne ta riƙa neman rezo da kanta. Da zarar na MTN ko Orange ya yi rauni, musamman a cikin shago mai rufin kwano ko a bakin ruwa, sai ta kama na Airtel ko Moov Africa na Chadi, kana zaune a gida a lissafa ka a matsayin matafiyi. A nan ne kuɗin ke zuba: kiran da ka yi ya fi tsada, a wasu tsare-tsaren har amsa kira ana cirar kuɗi, kuma forfen intanet da ka saya a Kamaru yawanci ba ya aiki a kan rezon wata ƙasa, don haka daga katinka ake yanka kai tsaye.

Maganin yana cikin saitin wayar. In tana da Faransanci, shiga "Paramètres", sannan "Réseaux mobiles", ka kashe "Itinérance des données". Daga nan ka shiga "Opérateurs de réseau", ka cire zaɓin atomatik, ka jira ta jero sunayen kamfanoni, ka taɓa naka da hannu. In an yi haka, ko rezonka ya ɗauke wayar za ta tsaya shiru ne, ba za ta tsallaka ba. Kullum ka riƙa duba sunan kamfanin da ke saman allo ko harafin R kusa da sandunan rezo kafin ka danna kira.

Batun wanda za ka riƙe kuwa, shawararmu layi biyu ne a waya ɗaya, na Kamaru mai lamba +237 da na Chadi mai +235, kowanne ka kulle shi a kan kamfaninsa. Ka kuma duba wane layi ka ba aikin intanet, domin mutane da yawa suna ƙetarawa su manta su sauya. Gaskiya ne ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi ke ciki, sun amince tun 2020 a soke ƙarin kuɗin yawo da layi a tsakaninsu, amma aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, kada ka jingina kasuwancinka a kanta.

Tambaya: Ina zuwa Mubi da Yola saro kaya daga Garwa. Tunda MTN ne a can, MTN ne a nan, me ya sa ba a ɗauke ni ɗan gida ba? Kuma da gaske intanet ya fi araha a Najeriya?

Amsa: Hajiya, suna ɗaya ne amma lasisi daban. MTN na Kamaru yana ƙarƙashin ART, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, na Najeriya yana ƙarƙashin takwararta NCC, kowanne da farashinsa da harajinsa. Haka Airtel na Chadi da na Najeriya. In kina son layin Najeriya, ki sani 'yan ƙasa da mazauna can sai an haɗa musu layi da lambar shaida ta NIN, dokar da aka fara tilastawa a Disamban 2020. Kada ki sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani; ranar da aka rufe shi ko wayar ta ɓata, ba ki da ikon karɓo shi. A Kamaru ma rajista sai da katin ɗan ƙasa ko fasfo.

Araha kam, in aka juya naira zuwa sefa, intanet ɗin Najeriya yakan fi sauƙi, musamman bayan faɗuwar naira daga Yunin 2023, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Ko da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, yawan jama'a da gasar kamfanoni huɗu suna danne farashi. Chadi ce ta fi jin jiki, don ba ta da teku. Wayoyin intanet ɗinta sai sun ratso ta maƙwabta kamar Kamaru da Sudan, kuma in aka sami yankewa a hanya, Njamena ta ji.

Sai dai kada ki kwatanta da kuɗin da ke kan talla. Raba kuɗin da yawan giga, sannan ki duba kwana nawa zai yi. A misali, forfen jaka ɗaya mai giga 2 na kwana 7 da na sefa 500 mai giga 2 na awa 24: na biyun ya fi araha a ido, amma in mega 300 kike ci a rana, sauran ya ƙone. Ki kuma tambaya ko rabin gigar ta dare ce kawai. A Najeriya *310# ke nuna ragowar kati, *323# ragowar data, a duk kamfanonin.

Don gaisawa da gida kuma, kiran murya ta WhatsApp bai cika cin mega 1 a minti ba, ya fi kiran ƙasa da ƙasa sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: A ƙauyenmu da ke bayan Mora, waya tana nuna 4G amma ko hoto ba ya buɗewa. Wane kamfani ya fi ƙarfi?

Amsa: Malam, ba kamfanin da ya fi ko'ina, wanda ƙarfensa mai watsa rezo ya fi kusa da ku, kuma dutse bai tare shi ba, shi ne gwani a wurinku. Duwatsun Mandara suna tare rezo, gida biyu a unguwa ɗaya sai su bambanta. Alamar 4G kuwa tana nuna wayar ta ji ƙarfen ne kawai, ba ta nuna yawan mutanen da ke rabon sa ba. Shi ya sa ranar kasuwa da bayan magariba abin ke tsayawa cak. Wani lokacin kuma wuta ce ta ɗauke, batirin ƙarfen ya mutu ko man janareto ya ƙare.

Ka gwada sauke wayar zuwa 3G a cikin saiti, sau da yawa ya fi tafiya a irin wurin nan. Kafin ka sayi sabon layi, ari na maƙwabci ka sa a wayarka, ka gwada da safe da kuma dare a cikin ɗakin da kake kwana, sannan ka fara da ƙaramin forfe na yini ɗaya.