Kafin ka sayi sabon shasi, sauko da nauyin motar ƙasa

Malam, ka ce motarka ta wasa mai rimot, irin mai manyan tayoyin nan, tana wuntsilawa duk sanda ka sha kwana da gudu, kana tambaya ko ka canza shasin gaba ɗaya zuwa na alminiyam. Ni dai ban ba ka wannan shawara ba tukuna.

Matsalar irin waɗannan motoci ita ce tsayi. Nauyinsu yana sama, shi ya sa suke kifewa. Fara da rage tsayin har hannayen da ke riƙe da tayoyi su daidaita da ƙasa idan motar tana tsaye da batir a ciki. Batirin ma, shi ya fi komai nauyi, a ɗaure shi can ƙasa, a tsakiya.

Sai man shokabzoba. Idan na 30wt ne a ciki (wt ma'aunin kaurin man ne), gwada 40wt da ya fi kauri, zai rage tangaɗin. Kada ka zarce da kauri, domin motar za ta riƙa tsalle a kan gargada. Ka kuma faɗaɗa tsakanin tayoyin hagu da dama, ko da milimita 10 ne kowane gefe.

Batun alminiyam kuwa, roba tana lanƙwasa ta koma daidai, shi kuma in ya lanƙwashe shi ke nan, sai bugun ya wuce ya karya wani abin. Hannayen taya na roba sun fi mini. Kuɗin ka sa su a injin sitiyari mai haƙoran ƙarfe da boris masu kyau.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wane irin fili kake tuƙa ta, yashi ko kwalta?