Kin ce ba kya buƙatar siponsa, ga shi an ba ki aikin: gyara maganar kafin ki sa hannu

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Ingila ta rubuto mini. Ta gama digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna, tana kan bizar shekara biyu da ake ba waɗanda suka kammala karatu, saura mata wata bakwai. Wani babban kamfanin magunguna ya yi mata intabiyu har zagaye uku, sannan aka kira ta a waya aka ce an ɗauke ta a sashen tabbatar da ingancin magani, albashi fam 31,000 a shekara, da bonas a ƙarshen shekara. Sai dai a fom ɗin neman aikin an tambaye ta ko za ta buƙaci siponsa, wato kamfani ya ɗauki nauyin bizarta, yanzu ko nan gaba, ta ce a'a. Yayanta da ke gida ya ce ta karɓa ta ja bakinta ta yi shiru, kada ta nemi ƙarin ko sisi, in biza ta kusa ƙarewa akwai wani ejan da kawunsu ya sani, zai samo mata takardar ɗaukar nauyi idan ta biya. Ta ce barci ya ƙaurace mata.

Ƙanwata, na taya ki murna. Wuce zagaye uku a irin wannan kamfani ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne jarinki a duk maganar da za ta biyo baya. Sun kashe lokacin manajoji a kanki, sun ajiye wasu sun zaɓe ki. Ki riƙe wannan a ranki, domin tsoro zai yi ta raɗa miki cewa alfarma aka yi miki.

Sai maganar fom. Tambayar ta ce "yanzu ko nan gaba", amsar gaskiya kuwa ita ce e. Na san abin da ya kai hannunki ga a'a: kin ga yadda ake watsar da takardun mutane tun a matakin farko da zarar sun ambaci siponsa. Amma shirun ba zai daɗe ba. Doka ta wajabta wa kamfani ya duba izininki na aiki kafin ki fara, kuma ranar da bizarki za ta ƙare tana nan ɓaro-ɓaro a abin da za su gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki kuma tuna sashen da za ki shiga. Aikinki shi ne ki sa hannu a kan rikodin gwaji da na haɗa magani, ki ce abin da ke rubuce gaskiya ne, kuma a kan wannan sa hannun hukumar MHRA mai kula da ingancin magunguna a Birtaniya ke dogara idan ta zo bincike. A wannan sana'a an fi yafe wa wanda ya yi kuskure ya kawo kansa fiye da wanda aka gano ya ɓoye. Ina kyautata zaton ma a intabiyun sun tambaye ki wani lokaci da kika ga kuskure a rikodi da abin da kika yi a kai, don ba su cika barin wannan tambaya ba. Amsar da kika ba su ran nan, yau ce ranar aikata ta.

Ki rubuta wa jami'ar ɗaukar ma'aikatan imel a makon nan. Ki gode, ki ce kina son aikin, ki ce akwai abin da kike son gyarawa a fom ɗinki: kina da izinin aiki har zuwa rana kaza, bayan nan za ki buƙaci kamfani ya ɗauki nauyinki. Kada ki cika shi da ban haƙuri. Layi huɗu ya isa.

Abin da yayanki bai sani ba, kuma shi ne ya fi damuna, shi ne fam 31,000 ɗin nan ba zai ɗauki bizar aiki ba, ko da kamfanin ya yarda ya tsaya miki. Tun daga 22 ga Yulin 2025, mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru fam 41,700 ne a shekara, ko kuma albashin da gwamnati ta ƙayyade wa irin sana'ar, duk wanda ya fi yawa. Ke akwai sassaucin da ya shafe ki a matsayin sabuwar shiga kasuwar aiki, tunda daga bizar masu kammala karatu za ki sauya: kashi 70 cikin ɗari na albashin sana'ar, amma kada ya gaza fam 33,400. Tsakanin abin da aka yi miki tayi da wannan adadi akwai giɓin fam 2,400 aƙalla. Bonas ba ya shiga lissafi, ainihin albashin da aka tabbatar a kwantiragi kaɗai ake dubawa. Saboda haka idan suka ce albashi ba zai motsa ba amma za su ba ki kuɗin maraba dunƙule guda, kada ɗoki ya kwashe ki. Zai yi daɗi a aljihu, ba zai amfana wa bizarki komai ba.

Kin ga ke nan neman ƙarin ba kwaɗayi ba ne, sharaɗin zamanki ne. Manyan kamfanoni suna da matakan albashi, kowane mataki da ƙasansa da samansa, kuma sau da yawa tayin farko ba a saman yake ba. Ki tambaye su a wane mataki aikin yake, daga nawa zuwa nawa ake biya a cikinsa, da lambar sana'ar da za su sa wa aikin idan za su nema miki biza, sannan ki duba albashin wannan lambar da kanki a shafin gwamnati. Idan kin zo faɗin adadi, ki faɗe shi sau ɗaya da dalilinsa, ki yi shiru ki bar su su amsa. Kada ki kawo musu tsadar haya ko nauyin 'yan'uwa, ba shi ke motsa su ba. Ki kawo abin da kika iya a ɗakin gwaji da abin da dokar biza ta tanada. Ki tambaya kuma yadda albashin ke hawa, domin sassaucin nan shekara huɗu ne gaba ɗaya, har da lokacin da kika riga kika ci a kan bizarki ta yanzu. Ki nemi su biya kuɗin bizar da harajin lafiya da masu neman biza ke biya don amfani da asibitin gwamnati, wanda yake fam 1,035 kowace shekara kuma gaba ɗaya ake biyansa tun farko. Wasu suna biya, wasu ba sa yi, tambaya ba ta ɓata komai. Duk abin da aka amince, ya shiga takardar tayi. Ku masu aikin ingancin magani da kanku kuke cewa abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

Ejan ɗin kawu kuwa, ki toshe lambar wayarsa. Takardar ɗaukar nauyi, CoS ɗin da kowa ke magana, lamba ce da kamfani mai lasisi ke fitarwa a na'urar ma'aikatar cikin gida, don wani aiki na gaske da za ki yi a wurinsa. Kamfani ne ke biyan kuɗinta, an kuma hana shi ɗora wa ma'aikaci. Wata dokar Birtaniya ta 1973 ta hana kamfanonin nema wa mutane aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman irin wannan aiki. To me ejan yake sayarwa? Ko lambar bogi, ko lambar wani kamfanin da babu aiki a cikinsa. Na ga waɗanda suka biya dubban fam a harkar kula da tsofaffi, suka je adireshin suka tarar babu ko sa'a ɗaya ta aiki, aka soke lasisin kamfanin, aka ba su kwana 60 su sami wani ko su bar ƙasar, ga bashi a wuya, ejan ya kashe waya. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 an soke lasisi sama da 470 a wannan fanni kaɗai. Idan aka kama yaudara a takardunki, ana iya hana ki shiga ƙasar shekara goma. In kina son wanda zai duba miki lissafin, ki nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar IAA mai sa ido a kan masu ba da shawarar shige da fice.

Yayanki ba mugu ba ne, tsoro yake ji kada abin ya kuɓuce, kuma wataƙila ya riga ya fara lissafin abin da za ki riƙa turowa. Amma a nan ina bayanki, ba na bayansa. Bai karanta dokar ba, ba sunansa ne a fom ɗin ba, kuma in abin ya ɓaci ba fasfo ɗinsa za a yi wa tabo ba. Abin yana ba ni takaici yadda muke tura yarinya ita kaɗai wata ƙasa, ta yi karatu da gumin goshinta, sannan ranar yanke shawara wanda bai taɓa ganin kwantiragin ba ya ce ita ta yi shiru. Biyayya ga na gaba gaskiya ce, amma ba ta haɗa da ki ɓoye gaskiya ko ki sayi takardar bogi don a sami kuɗin wata shida ba. Ki kira shi cikin ladabi, ki ce: "Yaya, na ji shawararka, amma dokar nan ta ce albashin bai kai ba, zan yi musu magana." Kawu kuma ki gode masa, ki ce kamfanin ne ke da alhakin takardar. Kada ki yi wa kowa alkawarin adadin da za ki riƙa turawa sai kin ga albashin farko bayan an cire haraji, inshorar ƙasa da fansho.

Ba zan ɓoye miki ba, suna iya cewa wannan gurbi ba sa ɗaukar nauyin biza a kansa. Idan haka ta faru, ki tambaya ko za ki iya yin aikin na watannin da suka rage miki, domin gogewa a babban kamfani tana da nauyi a takardarki, amma ki ci gaba da nema tun daga ranar. Gwamnati tana wallafa jerin kamfanoni masu lasisin ɗaukar nauyi, ki duba sunan kowane kamfani a ciki kafin ki ɓata lokaci a kan fom ɗinsa. Idan aka sake yi miki tambayar, ki ce kina da izinin aiki zuwa rana kaza, bayan nan za ki buƙaci siponsa, kuma kin cancanci sassaucin sababbin shiga.